Sarauta da Silsila: Waiwaye a Kan Asalin Manyan Addinan Duniya da Yadda Suka Wanzu

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya halicci 'yan Adam, Ya rarraba su al'umma-al'umma, bai kuwa bar su kara zube ba. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga cikamakin Annabawa, Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa mahalarta wannan taro mai albarka, Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Manufar wannan maƙala ita ce mu waiwayi manyan addinan da mutanen duniya ke bi, mu ga inda kowanne ya samo asali da yadda ya kawo yau. Magabatanmu sun riga mu shiga wannan fage. Ibnu Hazmin na Andalus (ya rasu 1064) da Shahrastani (ya rasu 1153) kowannensu ya wallafa babban littafi a kan addinai da ƙungiyoyi, Albiruni kuwa har harshen Sanskirit ya koya domin ya ji aƙidar mutanen Indiya daga tushenta.

Aƙidarmu ta Musulmi ita ce asalin addini tauhidi ne tun daga Annabi Adamu (AS). Alƙur'ani mai girma ya sanar da mu a Suratu Faɗir cewa kowace al'umma an aika mata mai gargaɗi, a Suratu Gafir kuma ya nuna akwai Manzannin da ba a ba mu labarinsu ba. Masu binciken tarihi su kuwa da abin da ya rage na rubutu da kufai suke aiki, kuma shekarun da za mu ambata nasu ne. Za mu sa K.M. a inda ake nufin kafin Miladiyya. Haka nan bayyana abin da wasu suka yi imani da shi bai zama yarda da shi ba, daɗewar addini kuma ba ta zama hujjar gaskiyarsa.

Tambayar da ke gabanmu

A ƙididdigar da cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta fitar game da shekarar 2020, Kiristoci sun kai kimanin biliyan 2.3, Musulmi biliyan 2, mabiya addinin Hindu biliyan 1.2, mabiya Buda miliyan 324, Yahudawa kuwa ba su cika miliyan 15 ba. To, ina addinin Fir'aunonin Masar, wanda ya haura shekara dubu uku ana gina masa ɗakunan bauta na dutse? Ina na Babila, da na Girkawa, da na Rumawan farko? Rubutu na ƙarshe da aka sani da tsoffin haruffan Fir'aunoni an sassaƙa shi ne a shekarar 394 a tsibirin Fila da ke kudancin Masar. Daga nan aka rasa mai karanta su, har sai a 1822 da wani Bafaranshe, Shamfoliyon, ya gano bakin zaren. Gine-ginen suna nan tsaye har gobe, masu yawon buɗe ido na ɗaukar hotonsu, amma babu ko mutum ɗaya da ya gaji wannan ibada daga bakin malami.

Abin da tarihi ke nunawa shi ne, sarakuna kan faɗaɗa addini, su gina masa ɗakuna, su ciyar da malamansa, amma ranar da sarauta ta faɗi, abin da kan riƙe shi shi ne zaman almajiri a gaban malami. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Addinin Hindu

Wannan addini ba shi da mutum guda da za a ce shi ya kafa shi. Sunan ma daga kogin Sindu ya fito, Farisawa suka furta shi Hindu. Tsofaffin nassoshinsa su ne Beda guda huɗu, mafi tsufa a cikinsu, wato Rig Beda, ya ƙunshi waƙoƙin bauta 1,028 waɗanda masana ke ganin an tsara su tsakanin 1500 da 1200 K.M. Daga baya aka sami littattafan Upanishad masu zurfafa magana a kan ruhi, da aƙidar cewa rai kan sake dawowa duniya gwargwadon aikinsa, da bautar alloli irin su Bishnu da Shiba.

Abin lura shi ne ƙarnuka masu yawa ba a rubuta Beda ba, haddace su ake yi. Malaman Barahima kan karɓi yaro tun yana ƙarami, ya zauna gidan malami shekaru, ya haddace nassi a jere, sa'an nan ya sake haddace shi kalma-kalma, sa'an nan bibbiyu, yana gaba yana komowa baya, domin kada harafi ɗaya ya zame. Albiruni, wanda ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, ya ba da labarin cewa malamansu ba sa yarda a rubuta Beda, kuma gab da zamaninsa ne wani mutumin Kashmir ya rubuta ta saboda tsoron kada a manta. Dauloli sun zo sun wuce a Indiya, Mauriya da Gupta da sarakunan Delhi da Mugal da Ingilishi, wannan hadda ba ta yanke ba. Sai dai tana da babban aibi, domin an taƙaita ta ga manyan dangogi, an kange talakawan ƙasan tsani daga jin ta, kuma wannan wariya ce ta sa da yawansu suka nemi mafita a wasu addinai.

Majusanci

A ƙasar Farisa, wato Iran ta yau da kewayenta, wani mai suna Zaradashta ya yi kira zuwa ga bautar Ahura Mazda, ya kuma koyar da cewa duniya fagen gwagwarmaya ne tsakanin gaskiya da ƙarya, kuma akwai hisabi bayan mutuwa. Masana sun saɓa a kan zamaninsa, wasu na kai shi kafin 1000 K.M., wasu wajen 600 K.M. Mabiyansa su ne Majusawa da aka ambata a Suratul Hajji, masu girmama wuta, kuma a cikinsu Sayyidina Salmanul Farisi (RA) ya tashi yana mai kula da wutar garinsu kafin ya fita neman gaskiya. Akwai ma masu ganin cewa daga kalmar Majusu aka sami sunan Maguzawa a ƙasar Hausa.

A zamanin daular Sasan (224 zuwa 651) wannan addini ya zama na hukuma, manyan limamansa suna zaune a fada, gidajen wuta suna cin gonaki da baitulmali. Da daular ta karye a yaƙin Ƙadisiyya da na Nahawand, aka kuma kashe sarkinta na ƙarshe, Yazdajirda na Uku, a 651, sai addinin ya rasa majinginarsa. An karɓi jiziya daga Majusawa an bar su da addininsu, amma a cikin 'yan ƙarnuka yawancin jama'a suka musulunta, wasu kuma suka ƙaura zuwa Gujarat a Indiya, inda ake kiran jikokinsu Farsi. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta same su 57,264 kacal. Littafinsu, Abesta, a da kashi 21 ne, mafi yawansa ya salwanta. Abin da ya tsira galibi shi ne ɓangaren da limamai ke karantawa da ka a wajen ibada, uba yana koya wa ɗa. Abin da aka ajiye a taskar sarki ya tafi tare da sarki.

Yahudanci

Labarin Banu Isra'ila sananne ne gare mu, tun daga Annabi Ibrahim da Ishaƙa da Yaƙuba, zuwa Annabi Musa da aka ba Attaura, zuwa Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata a gare su baki ɗaya. Ibadarsu ta ta'allaƙa ne a kan Haikalin Ƙudus, inda ake yanka da layya. A wajen 586 K.M. Bukhtanassar na Babila ya rushe shi ya kwashe manyansu bayi. Bayan Sairus na Farisa ya ci Babila a 539 K.M. ya ba su izinin komawa, suka sake gina shi. A shekara ta 70 Miladiyya rundunar Rum ƙarƙashin Taitus ta sake rushe shi, ba a kuma ƙara gina shi ba.

A lokacin Yahudawa sun kasu ƙungiyoyi. Sadukiyawa, waɗanda martabarsu ta rataya a kan Haikali, sun ɓace tare da shi. Waɗanda suka wanzu su ne masu karantarwa. Ruwayarsu ta ce wani malami, Yohanan ɗan Zakkai, almajiransa suka fitar da shi daga birnin a cikin makara kamar gawa, ya je gaban kwamandan Rumawa ya roƙi a bar masa ƙaramin garin Yabne ya buɗe makaranta. Daga irin wannan makaranta aka tattara fiƙihunsu na baka a littafin Mishna wajen shekara ta 200, daga baya kuma makarantun Sura da Pumbadita a Iraƙi suka samar da Talmud. Waɗannan makarantu sun ci gaba a ƙarƙashin halifofin Musulunci, babban malaminsu Musa bin Maimun, haifaffen Ƙurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, da Larabci ya rubuta yawancin littattafansa. Kusan shekara 1,900 suka yi a warwatse ba su da daula, an kore su daga Ingila a 1290, daga Sifen a 1492, 'yan Nazi sun hallaka kimanin miliyan 6 daga cikinsu a Yaƙin Duniya na Biyu, amma karatun yaro a gaban malami bai tsaya ba.

Addinin Buda da koyarwar Sin

Siddata Gotama ɗan sarauta ne da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, tsakanin ƙarni na 6 da na 5 K.M. Ya bar fada ya shiga gudun duniya, sa'an nan ya fito yana koyar da cewa rayuwa cike take da wahala, tushen wahala kuwa kwaɗayi ne, kuma akwai hanyar kuɓuta daga gare shi. Mabiyansa suka kira shi Buda, wato wanda ya farka. Ya yi shekara 45 yana karantarwa, ya bar jama'ar rahibai masu haddace maganganunsa. Sarki Ashoka (wajen 268 zuwa 232 K.M.), bayan yaƙin Kalinga da shi da kansa ya sa aka rubuta a jikin dutse cewa an kashe mutum 100,000 a cikinsa, ya yi nadama ya rungumi wannan addini, ya aika masu wa'azi ƙasashe, ciki har da tsibirin Sarandib, wato Siri Lanka. A can ne aka fara rubuta nassoshin a kan ganyen giginya a ƙarni na 1 K.M. Ta hanyar fatake addinin ya shiga Sin a ƙarni na 1 Miladiyya, daga nan Koriya da Japan da Tibet.

Abin mamaki, a Indiya inda aka haife shi ne ya kusan ƙarewa. Ilmin ya taru a manyan gidajen rahibai irin su Nalanda da Bikramashila, waɗanda ke rayuwa da kyautar sarakuna, sun kuma yi nisa da mutanen karkara. Da kyautar ta ragu suka raunana, da rundunar Bakhtiyar Khalji ta afka wa yankin Bihar wajen 1200 ta rushe wasu daga cikinsu, rahibai suka gudu Nefal da Tibet, ba a bar kowa a ƙauyuka da zai ci gaba da karantarwa ba. A ƙidayar 2011 mabiya Buda ba su kai kashi 1 cikin 100 na mutanen Indiya ba.

A ƙasar Sin kuwa, Kwanfushiyas (551 zuwa 479 K.M.) malami ne mai koyar da ladabi, biyayyar iyaye da adalcin masu mulki. A 213 K.M. sarkin farko na daular Cin ya ba da umarnin a ƙone littattafan magabata. Tarihinsu ya ce wani malami, Fu Sheng, ya ɓoye nasa a cikin bangon gida, bayan daular ta faɗi ya tono abin da ya rage ya ci gaba da karantarwa, har sarkin sabuwar daula ya aiko jami'i ya ɗauki karatu wurinsa yana tsoho tukuf. Daular da ta ƙone littattafan shekara 15 kawai ta yi.

Kiristanci

Annabi Isa ɗan Maryamu (AS) ya bayyana a Falasɗinu lokacin tana ƙarƙashin Rumawa. Mu Musulmi mun yi imani bawan Allah ne kuma ManzonSa, ba a kashe shi ba, ba a gicciye shi ba, Allah Ya ɗauke shi. Kiristoci kuwa sun tafi a kan cewa an gicciye shi ya tashi, kuma a kan haka suka gina aƙidarsu. Hawariyawa da Bulus suka kai kiran garuruwan Sham da Girka da birnin Rum. Kusan shekara 300 suna taruwa a gidaje, ana kama su ana kashewa, tun daga zamanin Nero a shekara ta 64 har zuwa babbar fitinar Diyokiletiyan a 303, amma yawansu sai ƙaruwa yake.

A 313 Sarki Kwanstantin ya halatta addinin, a 325 ya tara malaman coci a Nikiya domin su yanke hukunci a kan saɓaninsu game da matsayin Annabi Isa (AS), a 380 kuma Sarki Tiyodosiyas ya mai da shi addinin daula. Shigar fada ta kawo faɗaɗa, ta kuma kawo rarrabuwa, domin duk wanda ya saɓa wa matsayar da sarki ya goya wa baya ya zama mai laifi. Bayan taron Kalsidon na 451 cocin Ƙibɗawan Masar da na Habasha da wasu na Sham suka ware. A 1054 Rum da Ƙusɗanɗiniyya suka raba gari, a 1517 kuma Martin Luta ya tayar da gyaran da ya haifi 'yan Furotesta a Jamus. Lokacin da daular Rum ta yamma ta rushe a 476, rahibai ne a gidajensu suka riƙa kwafar littattafai suna koyar da yara, tsarin da ya samo asali daga masu gudun duniya na hamadar Masar irin su Antoniyo (ya rasu 356).

Afirka ta ba da misalai biyu masu kishiyantar juna. Habasha ta karɓi Kiristanci a ƙarni na 4 zamanin Sarki Ezana na Aksum, ita ce ƙasar Najjashi da ya karɓi Sahabbai a hijirar farko wajen 615. Ta fassara littattafanta zuwa harshenta na Gi'iz, ta kafa makarantu a ƙauyuka da gidajen rahibai a kan duwatsu, kuma cocinta na nan har yau. Maƙwabciyarta Nuba, a Sudan ta yau, ta yi kusan shekara dubu tana Kirista, amma cocinta ya jingina da fada, manyan limamansa kuma daga Iskandariyya ake naɗa su. Da sarautar ta raunana, aka mai da zauren sarki a Dongola masallaci a 1317, limamai suka ƙare. Wani limamin coci ɗan Fotugal da ya zauna Habasha a shekarun 1520 ya rubuta cewa mutanen Nuba sun aiko suna roƙon a ba su masu karantarwa, ba su samu ba.

Musulunci

An haifi Fiyayyen Halitta (SAW) a Makka wajen 570, wahayi ya fara sauka a 610, makarantar farko kuwa gidan Arƙam ce, inda yake tara Sahabbai a ɓoye yana karantar da su yana yi musu tarbiyya. Shekara 13 aka yi ana wannan kafin Hijira a 622, kafin a sami daula ko runduna. Bayan wafatinsa a 632, da aka kashe mahaddata da yawa a yaƙin Yamama, Sayyidina Umar ya ba Sayyidina Abubakar shawarar a tattara Alƙur'ani, aka ɗora wa Zaidu bin Sabit aikin, a zamanin Sayyidina Usman kuma aka kwafi mus'hafi ɗaya aka aika manyan birane, Allah Ya ƙara musu yarda. Allah Ya yi alkawarin tsare LittafinSa a Suratul Hijri, sababin da Ya sanya kuwa shi ne ƙirazan mahaddata da allunan almajirai.

Daga nan al'ummar nan ta fito da abin da ta yi fice da shi, wato isnadi. Ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ji daga wa, ba a karɓar ƙira'a sai da ijaza, ba a karɓar tarbiyya sai da silsila. Malamai sun yi ƙoƙarin kada ilmi ya zama mallakar fada. An ruwaito cewa halifan Abbasiyawa ya so ya tilasta wa jama'a bin Muwaɗɗa, Imamu Malik (ya rasu 795) ya hana. Imamu Ahmad bin Hambal ya sha bulala da kurkuku a fitinar da ta fara a 833, bai bi ra'ayin halifa ba. Yaƙe-yaƙen farko sun buɗe ƙasashe daga Andalus zuwa Sindu cikin ƙarni ɗaya, amma masana tarihi sun nuna cewa mutanen waɗannan ƙasashe sai bayan ƙarnuka suka zama mafi yawansu Musulmi, sannu a hankali, ta hanyar zama da malamai da salihan bayi.

Babbar jarrabawa ta zo a ƙarni na 13. Mongol suka mamaye Khuwarizim a 1221, aka kashe Shehu Najmuddinil Kubra a cikin waɗanda suka tsaya kare birninsu. A 1258 Hulaku ya ci Bagadaza, ya kashe Halifa Musta'asim, halifancin da ya haura shekara 500 ya faɗi. Duk mai kallo a ranar zai ce an gama da Musulunci a gabas. To, amma Barka Khan, jikan Janghiz Khan, a hannun Shehu Saifuddinil Bakharzi na Bukhara ya musulunta, shi kuwa almajirin Shehu Najmuddin ne. A 1295 Ghazan, tattaɓa-kunnen Hulaku, ya musulunta a hannun Shehu Sadruddin Ibrahim Hammuya, wanda mahaifinsa ma almajirin Shehu Najmuddin ne. Shekara 37 bayan faɗuwar Bagadaza, zuriyar wanda ya rushe ta ta durƙusa gaban almajiran shehin da kakanninta suka kashe.

Haka aka yi a wurare da dama. A Indiya zawiyar Shehu Mu'inuddin Jishti (ya rasu 1236) a Ajmir da na halifofinsa sun karɓi mutanen da wariyar dangi ta kange. Tasirinsu ya kai har waƙoƙin Baba Farid sun shiga littafin addinin Sikh, wanda Guru Nanak (1469 zuwa 1539) ya kafa a Fanjab. Indunisiya, wadda ƙididdigar 2020 ta nuna ta fi kowace ƙasa yawan Musulmi, babu rundunar Larabawa da ta taɓa zuwa can, fatake da malamai ne suka kai addinin, mutanen Jawa kuma har yau suna ziyartar maƙabartun waliyyai tara da suke jingina musuluntarsu gare su.

Kada kuma a ɗauka cewa ƙasar Musulmi ba ta iya rasa addininta. Andalus ta yi kusan shekara 800 da Musulunci, daga 711 zuwa faɗuwar Garnaɗa a 1492. Bayan nan aka ƙone littattafai, aka tilasta wa jama'a shiga Kiristanci, manyan malamai suka ƙaura Magrib, a 1567 aka haramta Larabci. Waɗanda suka rage sun yi ta rubuta fiƙihu da addu'o'i cikin harshen Sifaniyanci da haruffan Larabci, irin ajaminmu, suna ɓoyewa, har an gano tarin irin waɗannan littattafai a ɓoye cikin wani tsohon gida a yankin Aragon a 1884. Tsakanin 1609 da 1614 aka kori kimanin mutum 300,000. Masallacin Ƙurɗuba da fadar Alhamra suna nan tsaye, kamar yadda ɗakunan Fir'aunoni suke tsaye. A Ceceniya kuwa, inda gwamnatin Sobiyet ta kwashe al'umma baki ɗaya zuwa tsakiyar Asiya a 1944 ta rufe masallatai, halƙoƙin zikiri na Ƙadiriyya da Naƙshabandiyya a cikin gidaje ne suka riƙe addini har daular ta rushe a 1991.

Ƙasarmu ma ta wannan hanya ta samu. Sarkin Takrur, War Jabi, ya rasu yana Musulmi a 1040, Kanem ta bi baya a ƙarshen ƙarnin. Littafin tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali ne suka kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, Shehu Magili kuma ya zo zamanin Muhammadu Rumfa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (1754 zuwa 1817) ya yi kimanin shekara 30 yana wa'azi da karantarwa kafin hijirarsa ta 1804, 'yarsa Nana Asma'u (ta rasu 1864) ta kafa tsarin 'yan taru na karantar da matan karkara. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Mulki ya koma hannun baƙi, amma tsangayu da zaurukan malamai da zawiyoyi ba su rufe ba, kuma a zamanin mulkin mallakar ne Musulunci ya ƙara bazuwa a Afirka ta Yamma.

Kammalawa

Ya ku 'yan'uwa, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Majusawan Farisa da mabiya Buda na Bihar da Kiristocin Nuba duk sun taɓa zama masu rinjaye a ƙasashensu, suna da gine-gine da dukiya da goyon bayan sarki, kuma ba wanda ya zaci za a wayi gari babu su. Musulmin Andalus sun fi mu ɗakunan karatu. Addinin Allah yana da Mai tsare shi, amma ba a yi wa wata ƙasa ko wani gida alkawarin zai dawwama a cikinsa ba.

Saboda haka yawan jama'ar da suka cika wannan fili abin godiya ne ga Allah, sai dai ma'aunin da tarihi ke amfani da shi ya fi wannan tsanani. Yara nawa ne a gidajenmu suka sauke Alƙur'ani a bana? Matasa nawa ne ke zaune gaban malami suna bin Ahalari da Ishmawi da Risala baƙi da baƙi, da littattafan tarbiyya, har su karɓi ijaza? Mata nawa ne aka buɗe wa ƙofar karatu kamar yadda Nana Asma'u ta buɗe? Kuma malamin da ke karantar da su, wa ke kula da cinsa da suturarsa domin kada buƙata ta kai shi ƙofar wanda zai saye bakinsa? Duk dattijon malamin da ya rasu ba a ɗauki abin da ke ƙirjinsa ba, wani zobe ne ya ɓalle daga sarƙar da ta taho tun daga gidan Arƙam.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da shehunnanmu da suka riƙe wannan amana har ta iso gare mu, Ya ba mu ikon miƙa ta ga na bayanmu ba tare da tawaya ba. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya kyautata zamanmu da maƙwabtanmu, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci, Ya maimaita mana na baɗi muna masu rai da imani, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.